Clarendon: Gundumar da Neman Bas Ɗaya Ya Kai Kotun Ƙoli

A shekarar 1947, ƙaramar hukumar Clarendon da ke jihar Karolina ta Kudu a Amurka tana da motocin bas 30 na jigilar 'yan makaranta. Dukansu na 'ya'yan farar fata ne. 'Ya'yan baƙar fata, waɗanda su ne mafiya yawa nesa ba kusa ba, da ƙafa suke zuwa. Akwai wani manomi, Levi Pearson, da 'ya'yansa ke taka mil 9, wato kusan kilomita 14, kafin su isa makarantar Scott's Branch a garin Summerton, da yamma kuma su sake tako su. A hanya bas ɗin Turawa zai wuce su, ya baɗe su da ƙura in ƙasa a bushe take, ya fesa musu taɓo in an yi ruwa.

Clarendon ƙasar auduga ce, shimfiɗaɗɗiya, mai fadamu da dazukan katako. A lokacin, kusan mutum 7 cikin kowane 10 baƙar fata ne, jikokin bayin da suka nome wannan ƙasa, kuma akasarinsu a gonar wani suke noma, a ƙarshen kaka a raba amfani bayan an cire bashin taki da na kanti. A farkon shekarun 1940 aka datse kogin Santee, tafkin Marion ya cika ya cinye gonaki da wasu hanyoyi, tafiyar da dama can mai nisa ce ta ƙara nisa.

Kafin a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san yadda makarantar gwamnati take a Amurka. Mai karatun da ya saba ganin albashin malamin firamare na fitowa daga kason da ake rabowa daga Abuja zai ga abin baƙo. A can, ana yanka ƙasa ne gunduma-gunduma ta ilimi, kowace da 'yan kwamitinta, kuma babban tushen kuɗinta a wancan zamani shi ne harajin gidaje da filaye na cikin iyakarta. Gundumar da ke da masana'anta da manyan gidaje za ta gina ɗakin gwaje-gwaje ba tare da ta ji a jikinta ba. Wadda ba ta da komai sai gonakin haya da bukkokin katako, ko ta ninka haraji ba za ta tara abin kirki ba. A Kudancin ƙasar kuma akwai ƙari: doka ta raba makarantu gida biyu bisa launin fata, Kotun Ƙoli ta halatta irin wannan rabuwa tun 1896 a shari'ar Plessy, bisa sharaɗin a raba amma a daidaita. An riƙe rabawar gam. Daidaitawar ce aka manta da ita.

Alƙaluman shekarar karatu ta 1949 zuwa 1950 sun isa shaida. Clarendon ta kashe dala 179 a kan kowane ɗalibi farar fata, ta kashe dala 43 a kan baƙar fata. Ɗalibai baƙaƙe 6,531 suna karatu a gine-gine 61 da aka ƙiyasta darajarsu gaba ɗaya a kan dala 194,575. Farare 2,375 suna da makarantu 12 masu darajar dala 673,850. Da yawa daga cikin 61 ɗin nan ɗaki ɗaya ne ko biyu na katako, babu famfo, babu lantarki, masai a waje, ruwan sha a bokiti. Malamai da ɗalibai ne ke share aji, su nemo itacen hura murhu lokacin sanyi.

Bambancin bai tsaya a gini ba, ya shiga har cikin abin da ake koyarwa. A sakandaren farar fata ta Summerton ana koyar da ilimin halittu da buga tafireta da lissafin kuɗi na kanti, darussan da ke kai yaro ofis ko kwaleji. A Scott's Branch, darussan sana'a ba su wuce noma da kula da gida ba. Ba wai noma abin raini ba ne. Tun 1917 gwamnatin tarayya ke ba da kuɗin koyar da shi a sakandaren karkara ƙarƙashin dokar Smith-Hughes, kuma ƙungiyar matasan manoma ta FFA da aka kafa a 1928 ta fitar da yaran ƙauye da yawa zuwa gasar muhawara da jami'a. Amma a Kudu ba a karɓar baƙar fata a cikinta, sai da suka kafa tasu, New Farmers of America, a 1935, kuma ba a haɗe su ba sai 1965. In noma shi ne kaɗai abin da aka ajiye wa ɗan mai noman haya, to an riga an yanke masa inda zai ƙare. Ko abincin rana da Majalisar Dokokin ƙasa ta yi wa doka a 1946 yana bukatar wurin dafawa da wurin ci. Makarantun farare suna da su, na baƙaƙe babu.

Iyaye a yankin su Pearson ba su fara da kotu ba. Karo-karo suka yi suka sayi tsohuwar bas, mai yawan lalacewa, sannan suka roƙi hukuma ta taimaka da kuɗin mai da gyara. Aka hana. Shugaban kwamitin gunduma ta 22, R. W. Elliott, mai injin yanka katako, ya ce babu kuɗin saya wa 'ya'yansu mota, ya haɗa da kalmar zagi. Babban jami'in ilimi na ƙaramar hukumar, L. B. McCord, wanda shi ma fasto ne, ya fi shi iya baki: baƙar fata ba sa biyan harajin kirki, don haka ba adalci ba ne a ɗora wa farare nauyin jigilar 'ya'yansu. Hujjar ta yi kama da lissafi, sai dai ta tsallake tambayar yadda aka yi mutanen da suka nome ƙasar shekaru aru-aru ba su mallaki abin da za a sa wa haraji ba.

Wanda ya ɗauki maganar ya kai gaba shi ne Joseph A. DeLaine, malamin makaranta kuma fasto a cocin AME. A tsakiyar 1947 ya ji shugaban NAACP na jihar, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, James Hinton, yana ƙalubalantar malamai a birnin Columbia cewa a samo mutum ɗaya mai ƙarfin halin kai ƙara a kan batun bas. DeLaine ya dawo gida ya sami Pearson. A 1948 aka shigar da ƙara, cikin 'yan watanni aka kore ta ba tare da an taɓa gundarin maganar ba. Gonar Pearson ta faɗa a kan iyakar gundumomi, lauyoyin hukuma suka binciko cewa harajinsa a wata gunduma yake biya, ba wadda makarantar 'ya'yansa take ba. Layin da aka ja a taswira ya kashe shari'ar.

Pearson ya ɗanɗana kuɗarsa. Bankuna da kantuna suka daina ba shi bashi, aka ƙi sayen katakonsa, aka ƙi ara masa injin girbi, amfanin gona ya lalace a tsaye.

Lauyan NAACP, Thurgood Marshall, ya ce ba zai sake tsayawa da mutum ɗaya ba, domin mutum ɗaya yana da sauƙin karyawa. A Nuwamban 1949 aka taru a gidan Harry Briggs da matarsa Eliza a Summerton, mutum 107 suka sa hannu a takardar neman daidaito a komai: gini, littattafai, albashin malamai, mota. Sunan Briggs ne ya zo farko a jerin haruffa, shi ya sa shari'ar ta ɗauki sunansa. Tsohon sojan ruwa ne da ya yi yaƙin duniya na biyu, yana sayar da mai a wani gidan mai. Ranar jajibirin Kirsimeti maigidansa ya ba shi kwalin sigari ya sallame shi. Eliza ma aka kore ta daga masaukin baƙin da take aiki. DeLaine ya rasa aikin koyarwa, haka matarsa da 'yan'uwansa mata biyu. A 1951 gidansa ya ƙone ƙurmus, 'yan kwana-kwana na tsaye suna cewa gidan ya fita daga iyakar gari. A 1955 aka ƙone cocinsa a Lake City, aka yi harbi a gidansa da dare, ya rama, ya tsere zuwa New York. Ya rasu a 1974 bai sake zama a jiharsa ba, domin takardar kama shi na nan.

Abin da ya sauya akalar shari'ar daga wani wuri ya fito da ba a zata ba. Alƙalin tarayya J. Waties Waring, farar fata ɗan babban gida a Charleston, ya nuna wa Marshall a ƙarshen 1950 cewa neman a daidaita makarantu biyu ɓata lokaci ne, ya kai ƙarar dokar rabuwar kanta. Aka sake shigar da ita da iyaye 20. Ranar 28 ga Mayun 1951 aka zauna a Charleston gaban alƙalai uku, mutanen Clarendon suka yi asubanci cikin jerin motoci suka cika kotu har waje. Lauyan hukuma, Robert Figg, ya shammaci kowa: ya amsa tun farko cewa makarantun ba daidai suke ba, ya nemi a ba jiha lokaci ta gyara. Marshall ya gabatar da shaidunsa duk da haka. Cikinsu akwai masanin halayyar ɗan'adam Kenneth Clark, wanda ya je Scott's Branch ya nuna wa yara 16 'yar tsana fara da baƙa. Goma suka zaɓi farar, 11 suka ce baƙar ce mummuna. Masana sun daɗe suna jayayya a kan ƙarfin wannan gwaji a matsayin kimiyya, kuma da gaskiyarsu, yara 16 ba su da yawa. Alƙalai biyu suka bar rabuwar a yadda take, suka ba da umarnin daidaitawa. Waring ya saɓa musu, ya rubuta cewa rabuwar ita kanta rashin daidaito ce. Shekara ta zagayo ya yi ritaya ya bar Charleston, inda manyan gari suka riga suka juya masa baya.

Alkawarin gyaran nan ba fatar baki ba ce, kuma a nan tarihin ya yi wani juyi mai ban mamaki. Gwamna James F. Byrnes, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka kuma tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya gane cewa in ana son rabuwa ta tsira a kotu, dole a kashe mata kuɗi. A 1951 ya sa aka kafa harajin sayayya na kashi 3 cikin 100, na farko a jihar, aka kuma ciyo bashin dala miliyan 75 don gina makarantu, kaso mafi tsoka na baƙar fata. Aka haɗe ƙananan gundumomi fiye da 1,000 suka koma kusan 100. Jiha ta karɓe jigilar ɗalibai gaba ɗaya, har yau kuma Karolina ta Kudu ce ke mallakar motocin bas na makarantunta da kanta maimakon ta bar wa gundumomi. Scott's Branch ta sami sabon ginin bulo. Wato motar da aka hana iyayen Clarendon ta iso a ƙarshe, amma ta hannun mutumin da ya kawo ta don ya kayar da su a shari'a.

Bai kayar da su ba. An haɗa shari'ar Briggs da wasu huɗu daga Kansas da Virginia da Delaware da birnin Washington, ranar 17 ga Mayun 1954 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci baki ɗaya cewa raba yara a makaranta bisa launi ya saɓa wa tsarin mulki. Duniya ta san hukuncin da sunan Brown, na birnin Topeka, ko da yake ta Clarendon ce ta riga isa kotun.

A Summerton kuwa shiru kake ji. Da shari'ar ta koma ƙaramar kotu a 1955, alƙali John J. Parker ya fassara hukuncin da cewa tsarin mulki ya hana tilasta rabuwa ne kawai, bai wajabta haɗuwa ba, kuma jihohin Kudu suka rataya a wannan fassara fiye da shekara goma. Sai a 1965 yara baƙaƙe ƙalilan suka shiga makarantar farare ta garin. A shekarar ce aka buɗe Clarendon Hall, makarantar kuɗi mai zaman kanta. Da kotu ta tilasta cikakkiyar haɗewa a 1970, iyaye farare suka kwashe 'ya'yansu kusan kaf. Shekaru da dama bayan haka, makarantun gwamnati na Summerton kusan duk ɗalibansu baƙar fata ne, kamar dai kafin a je kotu, sai dai yanzu babu dokar da za a kai ƙara. Kuma masu filaye da kantuna, waɗanda harajinsu ke riƙe gunduma, ba su da ɗa ko jika a cikinta, ba abin da zai sa su goyi bayan ƙarin haraji.

Daga nan faɗan ya koma kan kuɗi tsagwaronsu. A 1973, a wata shari'a daga San Antonio ta jihar Texas, Kotun Ƙoli ta yanke da rinjayen 5 da 4 cewa tsarin mulkin tarayya bai hana gunduma mai arziki ta fi matalauciya kuɗin makaranta ba. Thurgood Marshall, wanda a lokacin ya zama alƙali a kotun, yana cikin huɗun da aka rinjaya. Ƙofar tarayya ta rufe, saura ta jihohi.

Ba za a ce ba a yi komai ba a tsakani. Dokar tarayya ta 1965 ta fara turo kuɗi kai tsaye ga makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa, shirin Head Start na yara ƙanana ya fara a shekarar. A 1977 Karolina ta Kudu ta yi dokar da ke auna ƙarfin harajin kowace gunduma, jiha ta ƙara wa mai rauni. A 1984 Gwamna Richard Riley, wanda daga baya ya zama sakataren ilimi na ƙasa zamanin Bill Clinton, ya zagaye jihar yana tallar ƙarin senti ɗaya a kowace dala ta sayayya, aka sa kuɗin a albashin malamai da darussan cike giɓi da shirye-shiryen yara masu hazaƙa da jarrabawar fita sakandare. Makin ɗalibai ya ɗaga a shekarun da suka biyo. Amma gundumar birni tana iya ɗora nata ƙarin a kan albashin da jiha ta yanka, ta karkara ba ta iyawa. Sabon malami zai zo ƙauye ya yi shekara biyu ko uku, hannunsa ya faɗa, sai ya koma inda ake biya da kyau. Ƙauye ya zama wurin koyon aiki, birni ya ci moriyar.

A 1993 gundumomin karkara kusan 40 suka kai jiha ƙara, shari'ar da aka sani da sunan Abbeville. A 1999 Kotun Ƙolin jihar ta ce tsarin mulkin jiha ya wajabta a ba kowane yaro damar samun ilimi mafi ƙarancin abin da zai wadatar, ma'aunin da mutane da yawa suka ji kunyar ƙanƙantarsa. Aka zaɓi gundumomi 8 su wakilci sauran, kuma wurin da aka zauna sauraron shaidu shi ne kotun garin Manning, hedikwatar Clarendon. Daga Yulin 2003 zuwa Disambar 2004 aka yi zama na kwana 102. Aka kawo bayanin rufin da ke yoyo, da ɗakunan karatu masu tsofaffin littattafai, da ajujuwan da ke ƙare shekara a hannun malaman wucin gadi. Wani fim na 2005, Corridor of Shame, ya nuna wa sauran ƙasar makarantun da ke jere a gefen babbar hanyar I-95, wadda ta ratsa ta gefen Summerton, har da wata a garin Dillon da a lokacin ake amfani da gininta na 1896.

Alƙali Thomas Cooper ya yanke hukunci a ƙarshen 2005, ya raba shi biyu. Ya ce gine-gine da malamai sun kai mafi ƙarancin da doka ta nema, amma jiha ta gaza a shekarun farko na yaro, kafin talauci ya gama yi masa illa. Daga nan aka fara ajin 'yan shekara 4 na yini guda a gundumomin da suka kai ƙara, a 2006, kuma wannan na cikin 'yan abubuwan da za a iya nunawa da yatsa a ce shari'ar ce ta haifar. A shekarar dai majalisar jiha ta cire wa masu zaune a gidajensu harajin gudanar da makarantu, ta maye gurbinsa da ƙarin senti ɗaya a harajin sayayya. Shekara biyu bayan haka tattalin arziki ya karye, ciniki ya ja baya, kuɗin makarantu ya bi shi. A 2014 Kotun Ƙolin jihar ta ba gundumomin gaskiya da rinjayen 3 da 2, shekara 21 bayan shigar da ƙara. A 2017, bayan an sami sauyin alƙalai, kotun ta janye hannunta daga sa ido, da rinjayen 3 da 2 kuma. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar da aka fara shari'ar ya kai shekara 30 kafin a rufe ta.

Abin da ya fi tasiri a ƙasa sau da yawa ƙananan shirye-shirye ne da suka nufi matsala ɗaya. Tunda malamin da aka kawo daga nesa ba ya zama, sai a rene shi a gida: tun tsakiyar shekarun 1980 jihar ke da darasin da ke ɗanɗana wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare aikin koyarwa. A 2000 Jami'ar Clemson ta haɗa kai da kwalejojin baƙar fata uku, Claflin da Benedict da Morris, ta ƙarshen tana garin Sumter maƙwabcin Clarendon, suka fara shirin Call Me MISTER don horar da samari baƙaƙe su zama malaman firamare, a jihar da irinsu ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu koyarwa a firamare ba. A Manning akwai cibiyar koyon sana'a ta F. E. DuBose, wadda sakandaren ƙaramar hukumar ke tura ɗalibai, domin babu ɗayansu da za ta iya sayen injunan walda da kayan koyon jinya ita kaɗai. Ƙaramar sakandare mai ɗalibai 'yan ɗaruruwa ba ta iya ɗaukar malamin kimiyyar lissafi mai zurfi saboda yara biyar, don haka darasi ta intanet da kwasa-kwasan kwaleji tun ana sakandare suka zama hanyar cike giɓin, ga wanda gidansu ke da intanet ɗin.

Girmamawa ta zo a makare. A 2000 aka wanke sunan DeLaine, a 2004 Majalisar Dokokin Amurka ta ba shi lambar zinariya tare da Levi Pearson da Harry da Eliza Briggs, dukansu sun riga sun rasu. A 2022 aka sa tsohuwar sakandaren Summerton da Scott's Branch cikin wuraren tarihi na ƙasa da ke adana labarin shari'ar Brown.

Taswirar ma an sake zana ta. Shekaru da yawa Clarendon tana da gundumomin ilimi uku: ta ɗaya a Summerton, kusan duk baƙar fata, ta biyu a Manning, ta uku a Turbeville, inda farare suka fi yawa. Jama'a na raguwa, matasa na tafiya birane, jiha kuma ta matsa wa ƙananan gundumomi su haɗe, ta sa kuɗi a gaba don jan hankali. A 2021 aka haɗe ta ɗaya da ta uku, a 2022 aka ƙara da ta biyu, ƙaramar hukumar ta koma gunduma guda mai kwamiti ɗaya da baitulmali ɗaya. Masu goyon baya sun ce an rage kuɗin ofisoshi, an buɗe wa yaran Summerton darussan da ƙaramar gunduma ba ta iya ɗauka. A ƙananan garuruwa kuwa haɗewa kan zo da fargabar da aka sani a duk karkarar Amurka: in an zo rage kashe kuɗi, makarantar da ta fi ƙarancin ɗalibai ake fara dubawa, kuma a Clarendon, Scott's Branch ce mafi ƙanƙanta cikin sakandare uku na garuruwan nan.